Me Ya Sa Ake Zaɓen Wannan Kare a Bar Wancan?

A shekarar 2022 ƙungiyar American Kennel Club, wadda ke rajistar karnuka a Amurka, ta ga sauyin da ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Karen Labrador, wanda ya riƙe matsayin farko a yawan karnukan da ake yi wa rajista na tsawon shekara 31 a jere, ya sauka, sai ɗan guntun karen nan mai murtukakkiyar fuska da kunnuwa a tsaye, wato French Bulldog, ya haye kujerarsa. A ganina wannan sauyi ya fi ba mu labarin mutane fiye da labarin karnuka, domin kowane jinsi daga cikin waɗanda suka yi fice an samar da shi ne don wani aiki takamaimai, kuma zaɓen da mai kare ya yi yakan nuna irin rayuwar da yake ciki, ko kuma irin wadda yake so a ɗauka yana ciki.

Labrador asalinsa karen masunta ne a tsibirin Newfoundland, inda kakanninsa ke tsunduma cikin ruwa mai tsananin sanyi su jawo raga da kifin da ya kuɓuce. A ƙarni na 19 ne masu farauta a Birtaniya suka kai shi can suka inganta shi, har ya zama mai ɗauko tsuntsun da aka harbo ba tare da ya tauna shi ba. Wannan laushin baki, da son faranta wa ubangidansa rai, su ne suka sa iyalai masu ƙananan yara ke ƙaunarsa, su ne kuma suka sa ake horar da shi ya ja makafi ko ya shinshino miyagun ƙwayoyi a filayen jirgin sama. Sai dai yana da ci kamar gara, kuma idan ba a fitar da shi yawo kullum ba, ƙiba ce ke fara kama shi. Ɗan uwansa Golden Retriever, wanda aka fara samarwa a Sukotlan a 1868, halinsu kusan ɗaya ne, sai dai shi gashinsa ya fi tsayi, mai shi kuwa ya fi shan shara.

French Bulldog kuwa ba ya neman fili, ba ya yawan haushi, ɗan takawa kaɗan ya ishe shi. Ga mutumin da ke zaune a ɗaki ɗaya a hawa na goma, maƙwabta na jin duk wani motsinsa, wannan ba ƙaramar falala ba ce, balle kuma hotunansa sun cika Instagram a hannun fitattun mutane. Abin da mai saye ba ya yawan tunawa shi ne cewa gajeren hancin da ke ba shi sha'awa shi ne ke hana karen shaƙar iska yadda ya kamata. Kare ba ya yin gumi ta fata irin na mutum, da lallage harshe da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka zafi kaɗan na iya jefa wannan jinsi cikin haɗari, har wasu kamfanonin jiragen sama ba sa yarda su ɗauke shi a sashen kaya. Yawancin 'ya'yansa ma ta tiyata ake ciro su, saboda kai ya yi girma ƙugun uwa kuma ya yi ƙunci. Ni dai ban ga hikimar kiwon dabba a kan siffar da ke wahalar da ita ba, komai kyanta a ido.

Masu neman tsaro su kuma hankalinsu na karkata ne ga German Shepherd, wanda wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, ko kuma Rottweiler, wanda ya samo sunansa daga garin Rottweil inda yake kora wa mahauta shanu. Dukkansu biyu suna da kaifin basira da biyayya ga wanda suka sani, amma kare ne da sai an saba masa da mutane tun yana ɗan kwikwiyo, in ba haka ba gadin da ake nema ya rikiɗe ya zama barazana ga baƙo da ɗan gida baki ɗaya. German Shepherd yana kuma da saurin kamuwa da ciwon ƙugu, don haka mai hankali yakan nemi ganin sakamakon hoton ƙashin iyayensa kafin ya biya.

Poodle ana zaɓensa ne saboda ba ya zubar da gashi sosai, abin da ya sa aka haɗa shi da Labrador a Ostareliya a 1989 don samar wa wata makauniya ɗan jagora da mijinta mai borin jini zai iya zama da shi.

Wanda ya fi shan wahala a hannun masu saye don kyau shi ne Siberian Husky. Mutanen Chukchi na Saiberiya sun raine shi ne don ya ja kaya a kan ƙanƙara tsawon yini, kuma a 1925 irin waɗannan karnuka ne suka yi gudun ba da sanda suka kai maganin mashaƙo garin Nome a Alaska. Mutum ya ga shuɗin idonsa ya kawo shi gida ya rufe, karen kuwa ƙarfin gudun nan yana nan a jikinsa, sai ya huce a kan kujeru, ya haƙe ƙarƙashin shinge, ya cika dare da kuka irin na kyarkeci.