Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Da 'Yan Boma Suka Zo Laburare

A makon jiya na tsaya inda aka ɗauke ni aikin jera littattafai a laburaren garinmu. Ban daɗe da farawa ba maigidana ya kawo wata shawara. Ya ce kowace 15 ga Janairu ana tunawa da mazan jiya, a yi fareti a watse, ba mai tambayarsu abin da idonsu ya gani. Ya sa aka gayyato tsoffin sojoji su zauna da 'yan makaranta, ni kuma aka damƙa mini rakoda da kaset.

Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun zo, amma bakinsu da nauyi, ciwon bai gama warkewa ba. 'Yan Boma, wato waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Boma, su ne suka riƙe zaman, musamman wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Saje. Ya maƙala lambobinsa a kan farar riga, ya ƙi kujera, ya ce a shimfiɗa masa tabarma.

Yara sun ƙagu su ji harbi. Shi kuwa sai ya ɗauko daga jirgin ruwan da ya kwashe su daga Legas a 1943 ya sauke su Bombay. Yana runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka tura kwarin Kaladan a ƙasar Boma ta tari Jafanawa. Babu hanyar mota, a ka suke ɗaukar harsashi, abinci kuma jirgin sama ke sako musu da laima. Ya naɗe ƙafar wando ya nuna mana inda matsattsaku suka sha jininsa, ya ce da wutar taba ake cire su.

Wani yaro ya ce, "Baba, da wane yare kuke magana da Turawan?"

"Da Hausa mana, ɗana. Hafsan da bai iya ba, dole ya koya."

A ranar na san dalilin da ya sa ake kiran wani bariki a Zariya Chindit, sunan wasu dakaru na musamman da suka yi yaƙin Boma, wani a Tamale ta Gana kuma Kaladan. A ganina laifinmu ne, muna wuce allunan kullum ba mu taɓa tambaya ba.

Da aka zo batun haƙƙinsu bayan sallama, Baba Saje ya ce in kashe rakoda. Abin da ya faɗa mini bayan yara sun tafi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.