Wayar da ta ci mini rabin albashi

Ranar Asabar na miƙa makullin durowata a shagon da na shekara biyu ina aiki a Sabon Garin Zariya. Tun daga PZ har na sauka Samaru abu ɗaya ke yi mini yawo a rai: wata 'yar baƙar waya mai bakin kada, wadda tsawonta bai wuce santimita 15 ba.

Ina wata na biyar a shagon oga ya karɓi aikin haɗa allunan kula da cajin sola guda 40. Kowane allo yana da LM2596 mai sauko da wutar batir daga bolt 12 zuwa bolt 5. Da muka gama, sai wasu suka riƙa nuna cajin batir ba daidai ba, lamba na tsalle. Oga ya ce in duba ko wutar bolt 5 ɗin tana da datti. Na jawo osiloskof ɗinmu ƙirar Rigol, na'urar da ke zana yanayin wuta a fuskarta, na dafa tsinken awo a kan layin, na maƙala baƙar wayar nan mai bakin kada, wato wayar giraun ɗin tsinken, can a kusurwar allo inda ya fi sauƙin kamawa. Sai ga ƙayoyi tsaitsaye a fuskar na'urar, sun kusa milibolt 400, suna maimaituwa daidai da bugun LM2596, wato kilohaz 150. Nan take na yanke hukunci cewa kafasitocin da ke tace wutar jabu ne. Oga ya zo ya tsaya a bayana, ya duba da idonsa, ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ban manta da shi ba.

Aka yo odar sababbi daga Legas. Kwana uku ina cirewa ina sakawa, hayaƙin dalma na shiga mini ido, har alluna huɗu suka lalace saboda tagullarsu ta ɗago. Na sake aunawa, ƙayoyin suna nan yadda na bar su. A gaban masu kawo gyara oga ya ce takardar makaranta kawai na kawo masa, ya kuma yanke rabin albashina na watan.

Akwai wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin, da kan biyo ta shagon bayan sallar Juma'a. Ya same ni na yi tagumi. Ya karɓi tsinken, ya haɗa bakinsa da bakin kadan, ya dafa su tare a kan giraun ɗin allo. Ƙayoyin ba su tafi ba.

"Ɗana, yanzu me kake aunawa?"

"Babu komai, Baba."

"To waɗannan daga ina suka fito?"

Ya zare hular tsinken, ya cire baƙar wayar gaba ɗaya, ya nannaɗa 'yar tagulla tsirara a jikin zoben ƙarfen da ke kusa da bakin, ya bar mata ƙafa da ba ta kai santimita ɗaya ba. Ya sa baki da ƙafar kai tsaye a kan ƙafafun kafasitar fita. Ya mayar da tashar kan AC don bolt 5 ɗin ya kauce a ga abin da ke hawe a kansa, ya kunna takunkumin megahaz 20 mai tace abin da ya fi haka sauri. Abin da ya rage bai wuce milibolt 30 ba. Kafasitocin da na zubar lafiyarsu ƙalau.

Doguwar wayar nan da tsinken sun zama zobe, zobe kuwa eriya ce. Duk lokacin da LM2596 ya kunna ya kashe, maganaɗisun da ke fita daga kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke kusa da shi, yana ratsa zoben ya haifar da wuta a ciki, na'ura kuma ta zana abin da aka kawo mata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ainihin ciwon allunan irin wannan ne: siririn layin da ke kai awon batir an bi da shi ta gefen kwayil. Ba ni na zana allon ba.

Sauran abubuwan a hankali na tsince su. Idan aka ga rawar haz 100 a awo, daga wutar NEPA mai haz 50 take zuwa bayan ta ratsa diyod huɗu, maganinta daban da na ƙayoyi. Tsinke a kan 10x, saitin da ke raba sigina gida goma, yana rage ƙaramin sigina har ya nutse cikin dattin na'urar kanta, a kan 1x kuma ba ya ganin abu mai sauri sosai. Bakin kadan nan a haɗe yake da at ɗin soket, wato wayar ƙasa, kada a kuskura a maƙala shi a ɓangaren caja da ke shan wutar gida kai tsaye. Kuma idan babba ya duba awo ya amince, a rubuta a littafin shago da kwanan wata.

Na nuna wa oga awon biyu a jere a ranar. Ya ce to, a gyara layin. Maganar kuɗina bai sake tayar da ita ba, ni ma ban roƙa ba. Daga baya duk allon da zai fita shagon sai ya biyo ta teburina.

Kafin in fito na zaunar da yaron da aka ɗauka a madadina, na sa ya haɗa baki da giraun da hannunsa har ya ga ƙayoyin. Na nannaɗa masa tagullarsa. Wadda Baba ya yi mini tana cikin aljihun rigata.