Daga tandata a Agege zuwa bakin teku

Kafin in karɓi odar kowa, gishiri nake fara dubawa. Akwai wani ɗan kwano a gefen murhuna. Idan na sa cokali na ga gishirin yana zuba warwar, iska ta bushe ke nan, zan iya yi wa mutum alƙawarin dambun naman da zai yi mako biyu a jakarsa. Idan kuwa na tarar ya dunƙule yana naso, sai in rage baki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini wannan tun kafin a fara duba hasashen yanayi a waya, kuma har yau na fi yarda da kwanon.

Sana'ata dafa abincin gida ce ga masu fita shan iska. Iyalai daga nan Agege da Idi-Araba da Obalende a Legas, ƙungiyoyin mata, malaman Islamiyya da za su fita da ɗalibai, wani lokaci 'yan kasuwa da suka yi baƙi daga Arewa suna so su nuna musu teku. Mu biyar ne: ni da ƙanwata, da mata biyu masu taya mu aiki, da yaron da ke raka kaya. Ba mu da shago. Rumfa ce a bayan gida, da tanda uku, da tukwane, da kuloli goma sha biyu waɗanda na fi kula da su fiye da kayan ɗakina.

A Agege aka haife ni, amma girkina na Kano ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Abincinmu na ƙasar busasshiyar iska ne. Kilishi, ƙuli-ƙuli, yaji, dambu, kuka, duk rana da iska ne suke tsare su. Ka kawo su garin da ko bango gumi yake yi, sai su sauya hali. Ƙuli-ƙulin da ke karya haƙori a kasuwar Kurmi ta Kano, kwana uku a Legas ya yi laushi kamar an jiƙa. Don haka rabin sana'ar girki ne, rabin kuma sanin wane wata ake ciki.

Disamba da Janairu su ne kakarmu. Hunturun Legas ba ya daɗewa, wata shekarar ma leƙowa kawai yake yi ya koma, amma 'yan makonnin nan da hazo ke rufe gari mu a wurinmu alheri ne. Makarantu suna hutu, waɗanda ke ƙasashen waje sun dawo, kowa yana son fita. Tumatir da tattasai na noman rani sun fara sauka a kasuwar Mile 12 da araha, albasar Aliero ta cika kasuwa, sabon zoɓo ya iso. A lokacin ne nake sakin jiki in yi duk abin da aka nema: waina da miyar taushe, sinasir, dambun shinkafa da zogale, funkaso, gasasshiyar kaza da yajin ƙuli. Wata Asabar ɗin sai mu fitar da oda huɗu kafin ƙarfe bakwai na safe.

Kowane wuri kuma da irin ɗaurin kayansa. Masu zuwa bakin tekun Tarkwa Bay sai sun shiga kwalekwale mai inji, domin babu hanyar mota, saboda haka ba na ba su komai mai romo. Jirgin yana tsalle a kan ruwa, miya sai ta bi ta murfi. Nasu shinkafa ce dafa-duka wadda ta tsane sosai, da soyayyen nama, da waina a naɗe, kuma kowace kula sai an zagaye ta da igiyar roba. Masu zuwa gandun Lekki Conservation Centre, inda gadar igiyar nan mai tsawon mita 401 take, nakan ja musu kunne a kan birai: sun san ƙarar leda kamar yadda yaro ya san muryar uwarsa, don haka komai a cikin mazubi mai murfi. Masu zuwa lambunan Alausa su ne 'yan gatana, tafiyar ba nisa, ko tuwo suka ce zan tuƙa musu.

Da muna yara ba a san wannan rabe-raben ba. Washegarin Sallah Baba zai ɗauki shatar danfo, a cika tukunya da shinkafa a ɗaure bakinta da tsohon zane, sai bakin tekun Bar Beach. Yau an cike wurin da yashi, sabuwar unguwar Eko Atlantic ce a kai. 'Ya'yana idan na ba su labarin mun hau doki a can, kallona suke yi kamar tatsuniya nake musu.

Daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu zafi ne mai ɗanko, wanda ko wanka ka yi kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. A nan ƙullun waina yake nuna mini hali. A Kano lokacin sanyi, kakata takan kwaɓa da daddare, ta ajiye kusa da murhu ta lulluɓe, ya kwana kafin ya tashi. A Legas cikin Maris, awa huɗu ya ishe shi ya cika roba ya fara tumbatsa. Ka bar shi ya kwana, da safe tsaminsa sai ya kore ka daga rumfar, kuma in ka ce za ka kashe tsamin da ruwan kanwa, wainar ta yi duhu ta rasa idonta. Shi ya sa nake jiƙa shinkafa da la'asar, a niƙo bayan isha'i, in sa a firiji idan akwai wuta, in tashi ƙarfe biyu na dare in zuba yis. Kafin a kira assalatu tanda ta yi zafi. Ƙanwata ce ke juyawa, hannunta ya fi nawa sauri, ni kuma ina tsaye a kan miya ina faɗan da ba wanda ya tambaye ni.

A watannin nan abin sha ya fi abinci kawo kuɗi, kuma a nan ma akwai mai haƙuri akwai marar haƙuri. Zoɓo da kunun tsamiya suna jure hanya. Kunun aya kuwa sarkin shagwaɓa ne, da ya rabu da sanyi ya fara yauƙi. Ba na bari ya fita daga gidana sai ya daskare ya zama dutse, ya narke a hanya, a sha kafin azahar. Ranar da babu wuta, kuɗin ƙanƙara kaɗai yana iya cinye ribar. Shekarun nan azumi yana faɗowa a wannan tsakanin, na 2025 ma a Maris aka yi shi, to fita yawo tana tsayawa cak, sai mu koma kayan buɗe-baki: ƙosai, kunun gyaɗa, farfesu.

Sai damina, wadda ita ce ta koya mini sana'ar da bulala. Ruwan Legas yana farawa tun Arewa tana cikin bazara, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli. Shekarata ta biyu da farawa, wani Alhaji ya ba ni odar mutum arba'in, walimar saukar ɗalibai da suka shirya yi a wani bakin teku can gaba da Ajah. Ya ce tuwon shinkafa yake so da miyar taushe, irin na gida. Ni kuma kwaɗayin oda ya hana ni cewa a'a. Na tashi tun dare, na yi miya mai kyau, kabewa da gyaɗa da alayyahu, na juye ta da zafinta a kula na danne murfi. Muka fita ƙarfe bakwai, sama garau. Muna kan gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, hadari ya taso daga gefen ruwa baƙi ƙirin. Kafin mu shiga Lekki titi ya zama kogi, motoci sun yi cirko-cirko.

Alhaji ya kira ya fi sau shida. "Hajiya, ina kuke ne? Yara fa sun fara kuka." Na ce, "Alhaji, don Allah a ƙara haƙuri, ruwa ne ya tsare mu." Sai wajen ƙarfe ɗaya muka isa. Da na ɗaga murfin kular, miyar tana ta ƙananan kumfa ita kaɗai kamar tana kan wuta. Ban ma ɗanɗana ba, hanci ya gama gaya mini. Na ja Alhaji gefe na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Hajiya, ruwa ba ya tsami banza, amma dai yanzu me yaran za su ci?" Abin da ya fitar da ni kunya soyayyen naman da na ƙara a matsayin kyauta ne. Muka aika aka sayo burodi, aka ci da nama da yaji a ƙarƙashin rumfa. Na mayar masa da kuɗinsa, na dawo gida da tuwo malmala tamanin.

Tun daga ranar, miyar gyaɗa ba ta ƙara tsallake gada a damina ba. Idan dole sai miya, jajjage nake soyawa har ruwansa ya ƙone mai ya taso, in bari ya huce kafin in rufe. Wanda ya matsa sai taushe, sai in ce ya zo gida ya ci.

Damina kuma ita ce lokacin tsadar kayan miya, domin noman rani ya ƙare a Arewa, na damina bai iso ba. A 2024 babban kwandon tumatir ya haura naira dubu 100 a Mile 12, har mutane suka koma haɗa miya da karas. A shekarar ne kuma, tun Janairu, gwamnatin jiha ta hana farin tekawe ɗin nan mai kama da kumfa, muka koma robobi masu murfi da suka fi tsada. Ban ji haushi sosai ba, don na sha ganin yadda yake toshe kwatar unguwarmu. Ni dai yanzu tun Fabrairu nake sayen tattasai da busasshen tumatir in ƙulle a bokitai masu murfi, in jefa ɗan ƙullin shinkafa a cikin yaji ya riƙa tsotse laima.

Abin da ke riƙe mu a watannin ruwa shi ne Babbar Sallah, wadda a 2024 da 2025 duk a Yuni ta faɗo. A Arewa ana rataye naman layya a igiya ya sha iska ya tsane. A nan ka rataye shi cikin Yuni, washegari ƙuda ne zai yi maka barka da Sallah. Saboda haka maƙwabta suke kawo mini cinyoyin ragunansu in mayar musu dambu. Aiki ne mai cin jiki: a dafa har ya yi lugub, a daka a turmi, a soya a ƙaramar wuta ana juyawa babu tsayawa har sai ka ji yana ƙara a cikin kasko kamar yashi. Idan ka sauke da sauran danshi ko kaɗan, cikin mako ya yi fari da funfuna. Kwana huɗu muke yi kafaɗa kamar ba tamu ba.

A Agusta ruwa yakan ɗan tsagaita, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, ga dogon hutun makaranta. Fita tana dawowa, amma iskar bakin teku tana da sanyi, don haka abin da ake nema mai zafi ne, farfesun kayan ciki da shayi mai kayan ƙamshi a fulas. Daga nan ruwa ya sake dawowa Satumba da Oktoba, marar tabbas, ya zuba a Ikeja ya bar Agege a bushe.

Wannan rashin tabbas ɗin ne ya sa na kafa ƙa'idar kafin alƙalami. Rabin kuɗi kafin in je kasuwa, kuma idan na riga na ɗora tukunya, ko ruwa ya hana fita abincin na mai shi ne. A Oktoban bara wata uwar ɗakina ta kira da asuba, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. "Ƙanwata, kin ga ikon Allah, fitar nan ba za ta yiwu ba, ko za a fasa?" Na ce, "Yaya, waina ta riga ta sauka, sai dai ki aiko a ɗauka." Ta ɗan yi ƙorafi, ta turo direba. Da azahar sai ga hoto a WhatsApp: sun ture kujerun falo gefe, sun shimfiɗa tabarmi, kulolina a tsakiya, ƙaramin jikanta sanye da tabaran rana da hular malafa yana riƙe da waina a kowane hannu. A ƙasa ta rubuta cewa yajin ya yi kaɗan, in ƙara na gaba.