Aikin Honjo da Allison Yana Farawa Ne Daga Bokitin Fomalin

Ranar Litinin aka fi kawo mana irinsa a ɗakin gwajin tsoka a nan Gombe. Bokitin fenti mai murfi, an naɗe shi da leda, a ciki akwai mama guda da aka cire wa wata baiwar Allah tun ranar Juma'a, ruwan fomalin kuwa, wato maganin da ke hana nama ruɓewa, ko rabin naman bai rufe ba. Ina sa wuƙa in tsaga, sai in tarar waje ya yi tauri ya koma launin toka, ciki kuma ja ne, ya yi laushi tuɓus, har ya fara wari. Kamar tsiren da aka gasa da gaggawa, baya ya ƙone, ciki ɗanye. Takardar da ta biyo bokitin tana neman a duba ko maganin da ke sakin garkuwar jiki zai yi wa wannan ƙari aiki, alhali amsar ta riga ta ruɓe a hanya.

Maganin da ake nufi ya fito ne daga binciken da aka fara fiye da shekara talatin da suka wuce. A 1992 ɗakin binciken Farfesa Tasuku Honjo a Jami'ar Kiyoto ta Japan ya gano wani furotin a jikin ƙwayoyin T, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke farautar duk ƙwayar da ta lalace, aka sa masa suna PD-1. Da farko an zaci aikinsa kashe ƙwayoyi ne. Sai da suka samar da ɓerayen da ba su da shi, suka ga garkuwar jikinsu ta juya tana cin jikin, sannan aka gane linzami ne. A Amurka kuma James Allison ya nuna a 1996 cewa idan aka toshe wani linzamin mai suna CTLA-4, ƙarin da ke jikin ɓera yana narkewa. Daga wannan aka samu ipilimumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2011 don sankarar fata ta melanoma, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar masu ciwon da ya bazu suka ci gaba da rayuwa shekaru bayan an fid da rai da su. A 2014 nivolumab da pembrolizumab suka fito, su kuma PD-1 suke toshewa, a 2018 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. Akwai na uku da kyautar ba ta kai gare shi ba, Lieping Chen, wanda a 1999 ya bayyana furotin ɗin da yanzu ake kira PD-L1. Mu masu duba tsoka a kan gilashi da madubin likita sunansa ya fi kusa da mu, don abin da ya gano shi muke nema kullum.

Dabarar ƙari ita ce ya lulluɓe kansa da PD-L1. Ƙwayar T na isowa, PD-1 ɗinta ya haɗu da shi, sai a ja mata linzami ta tsaya cak. Maganin yana shiga tsakani ne ya hana haɗuwar. Sai dai ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma pembrolizumab miligiram 200 ne duk mako uku, har zuwa shekara biyu, kuɗin allura ɗaya kawai ya isa a sayar da gona. Shi ya sa ake gwada tsokar tukuna. A sankarar bakin mahaifa da ta bazu ana neman makin CPS, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin da ke ɗauke da PD-L1, ya kai 1. A sankarar mama wadda ba ta da alamomi uku da ake dubawa a ƙwayoyinta, ER da PR da HER2, idan ta bazu sai ya kai 10. A ta huhu, idan rabin ƙwayoyin ƙarin ko fiye suna ɗauke da furotin ɗin, ana iya ba da maganin shi kaɗai.

Abin da na fi daɗewa ina koya wa ma'aikatan ɗakin tiyata shi ne sa'ar farko. Da zarar an yanke jijiyar da ke kai wa tsoka jini, tsokar ta fara cin kanta, kuma furotin ɗin da ke fatar ƙwaya yana cikin masu saurin lalacewa. Ƙa'ida ita ce kada a wuce sa'a ɗaya tsakanin cirewa da sawa a fomalin, a zafin Maris da Afrilu na Gombe ma ni na fi son rabin sa'a. Fomalin yana ratsa nama ne kamar milimita ɗaya a sa'a, kuma yana ƙara nawa idan ya yi nisa ciki. Ƙari mai faɗin santimita 8, tsakiyarsa na da nisan milimita 40 daga waje, ke nan sai ya yi kwana biyu ko fi kafin ruwan ya isa can. Don haka babban nama sai an shafa wa gefensa tawada, a tsattsaga shi yanka-yanka, kaurin kowanne kada ya wuce santimita ɗaya, a bar su manne ta gefe guda kamar shafukan littafi, a cusa bandeji tsakani don ruwa ya samu hanya. Ruwan ya ninka naman sau goma aƙalla. Mama mai nauyin kilo ɗaya lita 10 take buƙata, kuma nan ne ake yawan jin zafin kuɗi a rage.

Zama a ruwan ma yana da iyaka: kada ya gaza sa'a 6, kada ya wuce 72. Ƙaramar tsokar allura ma sai ta cika sa'a shidan nan, ko da likita na tsaye a kanmu yana cewa a yi sauri. Tiyatar da aka yi da azahar ɗin Juma'a, sa'a 72 ɗinta na cika da azahar ɗin Litinin, samfurin da zai taso daga nesa kuwa sai an haɗa da lokacin mota. Idan ya wuce kima, fomalin yana ɗaure furotin ɗin tamau har antibodi, wato sinadarin gwajin da ke nemo shi, ya kasa gane shi, sakamako ya fito babu alhali akwai. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya ba ya adana komai, sifirit yana sauya yadda furotin ke kama rini, firiza kuma tana farfasa ƙwayoyi da ƙanƙara. Duk ukun mun sha karɓa.

Shi kansa fomalin ɗin ba kowanne ba ne. Wanda ake tsarma da ruwan famfo kawai yana komawa mai tsami bayan 'yan makonni. Ga yadda muke haɗa lita ɗaya: mililita 100 na fomaldihayid mai ƙarfin kashi 37 zuwa 40, mililita 900 na tataccen ruwa, giram 4 na sodiyam fosfet mai sodiyam ɗaya, giram 6.5 na mai sodiyam biyu, sannan a auna pH, wato ma'aunin tsami, ya tsaya wajen 7. Idan ya yi tsami ya haɗu da jini, yana barin wasu ɗige-ɗige masu duhu a tsoka, rinin gwajin kuma ruwan ƙasa ne. Ga baƙin da zazzaɓin cizon sauro ke bari a cikin makrofaj, manyan ƙwayoyin nan masu haɗiye datti, ga baƙin hayaƙin itace a huhun matan da suka shekara suna girki a murhu, ga baƙin fata na halitta. Wanda idonsa bai saba ba zai ƙirga su duka a matsayin PD-L1. Rinin gaskiya a ƙwayar ƙari layi ne siriri da ke bin gefen ƙwaya, ba ɓarɓashi a cikinta ba.

Sauran aikin na hannunmu ne, kuma mu ma muna da namu tuntuɓen. Kakin da ake dasa tsoka a ciki kada ya wuce digiri 60, in ya wuce ya dafa ta. Idan wuta ta ɗauke cikin dare injin na tsakiyar aiki, tsoka na iya kwana a busasshen kwando ta ƙeƙashe, don haka injin da firij ɗin antibodi, mai son digiri 2 zuwa 8, su muka fara ɗorawa a kan sola. Muna yanka kaurin maikuron 4, mu ɗora a gilashi mai riƙo, mu busar a digiri 60 na sa'a ɗaya. Gilashin da aka yanka aka ajiye watanni a cikin zafi yana rasa ƙarfinsa, shi ya sa idan za mu aika gwajin PD-L1 wurin masu na'urar da aka tantance shi a kanta, dunƙulen kakin muke aikawa, a yanka sabo a can. Ƙashi kuma in dole sai an tausasa shi, da sinadarin EDTA mai aiki a hankali za a yi, ko da zai ɗauki kwanaki, don asid mai ƙarfi yana share furotin ɗin.

Idan gilashin ya dawo, ba ƙarin nake fara dubawa ba. Ina fara duba guntun tansil, tsokar maƙogwaron nan da ake cire wa yara, wanda ake rinawa tare don shaida. Fatar ramukansa za ta yi ruwan ƙasa sosai, makrofaj ɗin da ke tsakiyar dunƙulen limfosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kuma su kama kaɗan-kaɗan. In wannan kaɗan-kaɗan ɗin bai fito ba, rinin ya yi rauni, ba na amincewa da "babu" a ranar. Sannan sai an samu aƙalla rayayyun ƙwayoyin ƙari 100. A ƙirga duk wanda ya kama rini, ƙwayoyin ƙari da limfosayit da makrofaj, a raba da yawan rayayyun ƙwayoyin ƙari, a ninka da 100. Shi ne CPS. Wurin da ya mutu ba ya shiga lissafi, kuma ƙarin da ake kawo mana a makare rabinsa matacce ne.

A ganina abin da ya fi amfanar mu daga wannan fanni shi ne wanda bai buƙatar na'ura mai tsada. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa yawan ƙwayoyin T da suka kutsa cikin sankarar babban hanji yana faɗin makomar mai ciwon. A sankarar mama ana kimanta irin wannan a gilashin rini na yau da kullum: kashi nawa na filin da ke tsakanin gungun ƙwayoyin ƙari limfosayit suka cika. Ba a haɗawa da ƙwayoyin mugunya, ba a duba ƙarƙashin gyambo, don can ƙwayoyin cuta ne suka tara su. Wannan ba ya yanke hukuncin ba da magani, amma a irin sankarar da ba ta da alamomi uku, mai limfosayit da yawa ta fi jin maganin sankara na gargajiya na asibiti. Akwai kuma rini huɗu na furotin masu gyaran kuskuren gado, MLH1 da PMS2 da MSH2 da MSH6. Ƙarin da ya rasa su yana tara kurakurai har garkuwar jiki ta gane shi da sauƙi, kuma a 2017 Amurka ta amince a ba irinsa pembrolizumab ko a wace gaɓa ya fito. Galibi biyu-biyu suke ɓacewa, MLH1 da PMS2, ko MSH2 da MSH6. Tarkon a nan shi ne tsokar da ba ta sha fomalin ba, duka huɗun sai su ɓace. Idan lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefe ma ba su kama rini a cibiyarsu ba, to ba ƙarin ne ya rasa furotin ba, samfurin ne ya lalace. Wanda ya rubuta "ya rasa" a kan irin wannan gilashi, ya sa iyali sayar da shanu a banza.

Wanda aka sakar wa linzami kuma sai an sa masa ido, don garkuwar na iya juyawa kan hanji, hanta, huhu ko halittar wuyan nan mai kawo maƙoƙo. A nan gudawa taifod ake fara zato, tari kuma tarin fuka. Mai shan wannan magani in ya fara zawo, a cire zaton ƙwayoyin cuta da wuri, in ya yi tsanani a dakatar da allurar a ba shi firednisolon miligiram 1 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa.

Mun ƙara layi biyu a takardar karɓar samfur. Duk wadda ta kawo bokiti, kafin in sa hannu sai na tambaya: "Sista, ƙarfe nawa aka cire, ƙarfe nawa aka sa a ruwa?" Idan layukan biyu sun zo babu komai, kuma na tsaga na ga ja a tsakiya, ina ɗaukar yanka daga gefen da ya yi toka kawai, in rubuta a ƙasan rahoton cewa ba a san lokacin da tsokar ta yi a waje ba, don haka sakamakon "babu" ba abin dogaro ba ne, a nemi ƙaramar tsokar allurar da aka ɗauka kafin tiyata a gwada a kanta.