Ɗumama ƙahonka kafin ka saita murya

Sabon shiga ƙungiyar kiɗan sakandare yakan buɗe akwati, ya ciro abin busarsa, ya saita murya nan take. Bayan minti goma sai ka ji ya fita daga sahu, yana kuma rantsuwa ya saita. Abin busa mai sanyi muryarsa ƙasa take, numfashi na ɗumama shi sai ta hau. Don haka fara da dogayen sautuka na minti biyar zuwa goma, sannan ka saita. In muryar ta yi sama, ja bututun saiti waje. In ta yi ƙasa, tura shi ciki. Milimita ɗaya ko biyu ake nufi, kada ka zare rabin bututun.

Mai kilarinet ko saksofon, fara da karan baki, wato siririn karan da ake ɗaurawa a bakin abin busa yana girgiza ya ba da sauti, mai lambar tauri 2 ko 2.5. Ɗaukar 3.5 tun da wuri ba gwaninta ba ce, cizo kawai zai koya maka, murya ta shaƙe. Riƙe kara uku ko huɗu kana juya su, ka jiƙa wanda za ka sa na minti biyu, in an tashi ka cire shi ka goge cikin kayan. Wanda ya sha zaƙi ya kama busa bai kurkure baki ba, maɓallan abin busarsa ne za su riƙa mannewa. Mai turampet kuma, kada ka buga bakin ƙaho, wato guntun da ake cusa wa ƙahon a busa ta cikinsa, da tafin hannu. In ya maƙale, kai wa malami, akwai na'urar cire shi. Filaya lanƙwasa bututu take yi.

Inda aka fi shan wuya shi ne sauya rukuni. A rukunin zaure, inda ake kiɗa a zaune, kunne ne jagora: saurari manyan ƙahonni masu kaurin murya, ka ɗora taka a kansu. In kai kaɗai kake jin kanka, ka yi ƙara da yawa.

A filin fareti kuwa, kunnen nan shi zai yaudare ka. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In gangunan suna nesa da kai da mita 50, a kiɗa mai bugu 120 a minti, sautinsu zai iso ka a makare da kusan sulusin bugu. Ka bi abin da ka ji, ka ja sahunku baya ke nan. Hannun jagoran kiɗa za ka kalla, ko da kunnenka na ce maka ka yi gaba. Takun da makarantun Amurka suka fi koyarwa takwas ne a yadi biyar, wato kusan santimita 57 kowanne, diddige ya fara sauka don kada busar ta girgiza. Zana layi biyu a ƙasa da tazarar yadi biyar, ka yi ta aunawa har ƙafa ta haddace.

Rukunin jaz ɗan ƙarami ne, sau da yawa kowa da nasa layin, babu bayan wanda za ka ɓuya. Kada ka nemi shiga sai karatun takardar kiɗa ya zauna maka.