Kwana Tara a Jakarta da Dattijon Glodok Mai Suna Biyu

Shekaranjiya na sauka Kano, kumburin ƙafa na zaman jirgi bai gama saɓewa ba, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi. Sarin yadi da hijabai ne ya kai ni Jakarta ta ƙasar Indonesiya. A filin jirgi wani jami'i ya tsare ni kusan awa biyu yana jujjuya fasfona yana yamutsa fuska, Turawan da muka sauka tare suna ta wucewa. Raina ya ɓaci matuƙa.

Kasuwar Tanah Abang tamkar Kantin Kwari ce aka ɗora hawa-hawa. Ba dozin suke ƙirgawa ba, kodi suke cewa, wato guda ashirin. Kuɗinsu rupiya sifili ya yi masa yawa, sai da kwakuleta ake ciniki. Hijabi ya fi namu araha, amma kuɗin dako na cinye ribar. A nan na haɗu da wani dattijo ɗan asalin Chana, ya kusa saba'in. Na yi kuskuren lissafi na ƙara masa kuɗi masu yawa, ya aiko yaronsa har masauki ya mayar mini. Da na koma godiya sai ya ce ranar Lahadi in zo Glodok, unguwarsu.

Muka shiga bajaj, adaidaita sahunsu, ni da wani yaro ɗan Kano mai karatu a can, shi ne tafintana. Lungunan kasuwar Petak Sembilan matsattsu ne kamar na Kurmi, ga jajayen fitilu a sama, ga kwaɗi a roba ana sayarwa. Da muka doshi masu naman alade sai dattijon ya kama hannuna ya sauya hanya. "Pak Haji (wato Alhaji), ba nan ba," in ji shi. Ya kai ni rumfar wata Musulma, ya biya kuɗin soyayyar shinkafa, shi ma ita ya ci. Wurin bautarsu da aka kafa tun 1650 a bakin ƙofa na tsaya, hayaƙin turare na fitowa, bai matsa mini in shiga ba.

A gidansa, saman shago, ya ɗauko wata tsohuwar takarda a leda. Sunaye biyu ne a jiki. Na farko shi ne wanda mahaifinsa ya raɗa masa, na biyu kuma na 'yan ƙasa da aka matsa musu su ɗauka bayan Suharto ya karɓi mulki. A 1967 aka hana su bukukuwansu a fili, makarantunsu an rufe, rubutunsu ya ɓace daga allunan shaguna. Har attajirai ba su tsira ba. Indomie ɗin nan da yaranmu ke ci safe da dare, wanda ya kafa kamfanin da ya mallake ta sunansa Liem Sioe Liong, ya koma Sudono Salim. Dattijon ya ce shi bai iya karanta rubutun Chana ba, jikarsa ce yanzu take karanta masa abin da ke jikin kabarin kakansa. Wannan maganar ta taɓa ni fiye da komai.

Na tambaye shi yaushe suka zo ƙasar. Ya ce ai suna nan tun kafin 1740, lokacin da Turawan Holan suka kashe kimanin mutum 10,000 daga cikinsu, aka tattara sauran a Glodok. Shi bai taɓa zuwa Chana ba.

Sai ya zo kan watan Mayun 1998. Tattalin arziki ya karye, aka huce a kansu: ƙone shaguna, wawashe dukiya, keta haddin mata. Fiye da mutum 1,000 suka mutu, da yawansu ma talakawan gari ne da wuta ta ritsa da su a manyan kantuna. Wani maƙwabcinsa Musulmi ya ɓoye iyalinsa kwana uku, ya rubuta a ƙofar shagon cewa na ɗan ƙasa ne, ya rataya darduma a taga. Yana faɗa muryarsa na rawa. A bangon falon akwai hoton Abdurrahman Wahid, malamin nan da ya shugabanci ƙungiyar Nahdlatul Ulama, wanda ya soke haramcin a 2000 yana shugaban ƙasa. Daga 2003 sabuwar shekararsu ta zama ranar hutu a duk ƙasar.

A hanyar dawowa Kwari nake ta tunani. Ina cikin masu ƙorafin 'yan Chana da ke sayar da yadi ɗai-ɗai suna karya mana farashi, kuma ban janye ba, hukuma ta sa doka. Amma na sha jin ana yi musu kuɗin goro, har yara na bin su da tsokana, ban taɓa tsawatarwa ba. Kakana yana cikin waɗanda aka koro daga Ghana a 1969 bayan ya shekara talatin a zangon Kumasi. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ciwon a ce da mutum baƙo a inda ya haifi 'ya'yansa.

Litinin na yi azahar a Masallacin Lautze na Musulmi 'yan asalin Chana, shago ne aka mayar masallaci, an yi masa fenti ja da rawaya. Talata na je Bandung a jirgin ƙasa mai gudu, ƙasa da awa ɗaya. Laraba aka ɗaure kaya. Dattijon ya aiko da gwangwanin shayi, ya sa tafinta ya nuna mini tambarin halal a jiki.