Sanyi da yabanya: abin da na gani a wurin renon iri

Tun da na fara renon irin kayan lambu da kaina, na lura cewa ɓarnar sanyi tana bin shekarun tsiro ne. Daren da zai kashe irin da aka shuka jiya, ƙila kabejin da ya yi ganye huɗu ko a jikinsa.

Inda na fi jin tsoro shi ne kwana ɗaya zuwa biyu bayan shuka, lokacin da busasshen iri ke shan ruwansa na farko. In ruwan nan mai sanyi ne ƙwarai, cikin irin yakan lalace tun bai tsaga ba. Wake, kuɓewa da kokwamba sun fi kowa wannan rauni. Abin takaicin, ba a ganin komai a sama; sai mutum ya gaji da jira ya tona, ya tarar iri ya kumbura ya ruɓe, ya ɗora wa mai sayar da iri laifi. Shi ya sa nake cusa ma'aunin zafi cikin ƙasar kanta da sassafe, don zafin ƙasa iri ke ji, ba na iska ba. Tumatir na son digiri 21 zuwa 27 na ma'aunin Celsius, in ƙasa ta sauka wajen 10 kusan ba ya motsi. Tattasai ya fi shi son ɗumi. Latas kuwa ko a digiri 5 yakan tsiro, a hankali dai. Ban-ruwa ma sai rana ta ɗaga nake yi, da ruwan da ya ɗan sha rana.

Da tsiro ya fito da ganyensa biyu na farko, damuwar ta koma kan laima. Ƙasa mai sanyi ba ta bushewa da wuri, cutar ruɓewa sai ta kama ƙaramin kara daidai bakin ƙasa, ya sirance ya kife. A nan rage ruwa da barin iska ta ratsa sun fi yawan lulluɓi amfani.

Bayan ganyen gaske sun fito, tumatir kan nuna sanyi da launin shunayya a bayan ganye. Saiwa ce ta kasa jan sinadarin fosforas daga ƙasa mai sanyi. Ba na gaggawar ƙara taki. Da ƙasa ta yi ɗumi, sabon ganye kan fito kore.

Kabeji da albasa suna da nasu tarkon. Suna ƙanana sanyi bai cika damunsu ba, amma in kara ya kai kaurin fensir sannan suka yi makonni a digiri 5 zuwa 10, sukan tafi fure kafin su yi kai. Don haka ba na barinsu su tsufa a wurin reno.

Kafin dashe, nakan riƙa fitar da yabanya waje kaɗan-kaɗan na mako guda zuwa kwana 10, ina ƙara musu lokaci kullum. Wannan horon yana sa kabeji ya jure daren sanyi sosai, amma tumatir da tattasai, komai horonsu, digiri 0 na kashe su, sai dai a rufe su tun da yamma.